Baƙin ruwan da ke tsiyaya daga tarin taki: yaya za a cire masa azot kafin ya kai rijiya?

Mai Lambu, hanyar Mirya

Assalamu alaikum. Malamai, shawara nake nema a madadin ƙungiyarmu ta masu lambu. Muna haɗa takin kompos a kan daɓen siminti, tsawo mita 20, faɗi mita 10, kuma babu rufi. Abin da muke zubawa shi ne sharar ganye da ruɓaɓɓen tumatir daga kasuwa, kashin kaji, kashin shanu, karan hatsi da aka sassara, sai tokar murhu. Da damina wani baƙin ruwa yake tsiyayowa daga ƙarƙashin tarin, kamar shayin da ya kwana a wuta. Idan aka raba shi da kwanaki, ya kai lita 400 a rana har tsawon wata uku. A rami yake taruwa, rijiyar da ake sha kuma tana mita 30 daga wurin, ruwanta a zurfin mita 8.

An gwada mana ruwan. A kowace lita an samu DCO, wato ma'aunin yawan dattin da ke cikin ruwa, miligiram 15,000, azot gaba ɗaya, wato naitirojin, miligiram 1,000, daga ciki 600 amoniyom ne, pH kuma, wato ma'aunin tsami, 7.9. An ce mana idan aka ruɓar da shi a rufaffen tanki inda iska ba ta shiga, sannan aka tace shi ta cikin dutsen ziyolit, azot ɗin zai fita. Mun gwada da tano ɗaya, mun zuba ɗanyen kashin shanu, mun rufe mako uku. Gas ya fito, tsamin ya ragu, amma amoniyom ya tashi daga 600 zuwa kusan 900.

Ina kuskuren yake? Wane girman tanki ya dace da mu? Ziyolit kuma kilo nawa za mu nema, kuma idan ya cika yaya ake yi da shi?

Injiniyan Ruwa, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malam. Babu kuskure, tanonku aikinsa ya yi. Ruɓewar da ba iska ba ta cire azot, ko kaɗan ba aikinta ba ne. Ƙwayoyin bakteriyar da ke ciki suna cin dattin da DCO yake aunawa su mai da shi gas, metan da karbon dayoksaid. Azot ɗin da ke ɗaure cikin furotin na kashin kaji da ganye kuwa, kwance shi suke yi ya zama amoniyom ya zauna a ruwa. Cikin 1,000 ɗinku, 400 a ɗaure yake, an kwance kusan 300, shi ne kuka ga 900. Kuma haka ake so, domin a cikin azot ɗin ziyolit amoniyom kaɗai yake kamawa, ba ya taɓa wanda ke ɗaure. Amfanin tankin biyu ne: ya kwance azot, ya kuma rage dattin da zai toshe dutsen.

Ga lissafin girma. Lita 400 sau giram 15 ya ba da kilo 6 na DCO a rana. Ƙaramin tanki marar injin motsawa kada a ɗora masa fiye da kilo 1.5 zuwa 2 a kowace mita kubik a rana. Mita kubik 4 ke nan, ruwa ya kwana 10 a ciki. Ban ba ku shawarar nau'in UASB ba, wato tanki ɗaya da ruwa ke shiga ta ƙasa ya hau ta cikin laka, wanda Gatze Lettinga da abokan aikinsa suka fito da shi a Wageningen ta ƙasar Holan a shekarun 1970. Yana da kyau ƙwarai, amma yana son ruwa mai shigowa bai ɗaya dare da rana, naku kuwa sai yadda hadari ya ga dama. Ku gina mai ɗakuna a jere, a binne a ƙasa: tsawo mita 4, faɗi santimita 80, zurfin ruwa mita 1.25, a raba shi ɗaki huɗu. Daga saman kowane ɗaki tiyon PVC mai faɗin milimita 100 ya sauka cikin na gaba har saura santimita 15 ya taɓa ƙasa, ta yadda dole ruwan ya ratso ta cikin laka yana hawa. A lakar nan ƙwayoyin suke. Ɗakin ƙarshe a cika shi da wankakkiyar tsakuwa mai girman ƙwan zabo. A yi shafe mai kyau ciki da murfi, domin gas yana bin tsagar da ruwa ba ya bi. Kafin tankin kuma a sa rufaffen ramin siminti da zai tara ruwan sama guda, daga nan a riƙa ɗiba ana ba tankin kaɗan-kaɗan.

Wajen tayarwa ne aka fi faɗuwa. A cika kashi ɗaya cikin uku da ɗanyen kashin shanu da aka dama da ruwa, ko lakar wani tankin biyogas mai aiki idan an samu. Makon farko lita 100 a rana kawai, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako shida zuwa takwas. Dalili shi ne ƙwayoyin da ke yin tsami suna hayayyafa cikin awoyi, masu yin metan kuwa sai kwanaki. Idan aka cika abinci, tsami ya yi musu yawa, pH ya sauka ƙasa da 6.5, wari ya koma na tsohon kunu, wutar gas ta daina kamawa. Da an ga haka a tsayar da ciyarwa kwana uku zuwa biyar, a jiƙa kanwa kaɗan a zuba har pH ya dawo wajen 7. Kada a gyara da toka.

Hatsarin ɗaya gefen ya fi kusa da ku. Amoniyom da amoniya abu ɗaya ne mai fuska biyu, pH da zafi ke raba su, kuma amoniya ce ke kashe masu yin metan. A zafin digiri 35, idan pH na 7.5 kusan kashi 3 cikin ɗari ne amoniya, a pH 8 kashi 10, a 8.5 ya haura kashi 25. Da 900 ɗinku kuna cikin lafiya muddin pH bai wuce 7.8 ba. Idan kuka ƙara kashin kaji har amoniyom ya doshi 1,500 zuwa 3,000, sai an sirka.

Idan tankin ya cinye kashi 70 cikin ɗari, kilo 4.2 ke nan a rana. Kowane kilo yana ba da metan lita 350, jimilla kusan mita kubik 1.5, biyogas kuma wajen 2.4, abin da zai riƙe murhu ɗaya awa biyar ko shida. Wannan na ruwan sabon tari ne. Na tsohon takin da ya nuna baƙinsa ya fi yawa amma abin ci a cikinsa kaɗan ne, ba zai ba da gas sosai ba, kuma launin ba ya fita.

Don Allah kada kowa ya shiga tankin ko ya zura kai, ko da an kwashe ruwan. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kashe hanci kafin ta kashe mutum, metan kuma yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri.

Malamar Kimiyya

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya ya gama da tanki, ni zan tsaya a kan dutsen, don a nan kuɗi zai iya salwanta.

Ziyolit ba rariya ba ne, musaya yake yi. Tokar aman wuta ce da ta daɗe cikin ruwa ta zama dutse mai ƙananan ramuka, jikin ramukan yana jan duk abin da ke da cajin lantarki mai alamar tarawa (+). Sodiyom da kalsiyom suna zaune a ciki sako-sako, idan amoniyom ya zo sai ya ture su ya zauna. Wani masanin duwatsu ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya raɗa masa suna a 1756, ma'anarsa dutse mai tafasa, saboda tururin da yake fitarwa idan an gasa shi. Iri-iri ne, wanda kuke nema sunansa kilinoptilolit, ana haƙo shi a Turkiyya da Sin da Silobakiya da Amurka. Akwai wani iri, analsim, a duwatsun yankin Agadas, amma ramukansa sun yi ƙanƙanta, musayarsa a zafin gari tana da nawa sosai. Na garin sabulun wanki kuma na masana'anta ne, ba na wannan aiki ba.

A takarda kilo ɗaya yana iya riƙe kusan giram 30 na azot. A ruwan taki ba za ku ga haka ba, ku sa ran giram 5 zuwa 10. Babban dalili potasiyom ne. Jerin abin da dutsen ya fi so shi ne potasiyom, sai amoniyom, sai sodiyom, sai kalsiyom, sai magniziyom. Ga shi kuwa karan hatsi da toka cike suke da potasiyom, kuma yana narkewa da ruwan farko. Ba a auna muku shi ba, ku koma a auna. A ce an samu miligiram 2,000 a lita. Idan aka ƙirga ta yawan gurbin da kowanne ke nema, 51 ke nan a gaban 64 na amoniyom ɗinku, kusan kunnen doki, kuma shi dutsen ya fi so. Rabin gurbin ya tafi tun ba a fara ba. Shi ya sa Injiniya ya hana toka a tanki, ni kuma na ce a cire ta daga tarin ma, a ajiye ta a zuba a gona kai tsaye.

Yanzu lissafi. Lita 400 sau 900 ya ba da giram 360 a rana. A kan giram 8 a kilo, ziyolit kilo 45 ke cika kullum. A kwana 90, tan huɗu. Azot ɗin da za a kama duka kilo 32 ne, daidai da takin zamani na ure kilo 70, buhu ɗaya da rabi bai cika ba. Tan huɗu na dutsen da aka yo odarsa daga ƙetare saboda buhu ɗaya da rabi, a ganina ba ciniki ba ne. Dole dai a riƙa wanke shi ana sake amfani, ko a rage azot ɗin ta wata hanya a bar wa dutsen saura.

Kafin ku sayi ko buhu ɗaya ku karɓi samfur. A wanke, a shanya, a auna giram 50 a zuba cikin lita ɗaya ta ruwan tanonku, a rufe, a riƙa girgizawa har awa 24. Idan ya sauka daga 900 zuwa 500, ya ɗauki 400, giram 8 a kilo ke nan. A ajiye kwalba ta biyu a rufe babu dutse a gefe, don a tabbata ba iska ce ta kwashe ba. Wanda bai kai giram 5 ba a bar wa mai shi. Ku nemi tsaki mai milimita 1 zuwa 2. Garin da ake sa wa abincin kaji ya fi saurin kamawa amma yana cushewa ya zama laka, manyan ƙwayoyi kuma ruwa ya wuce bai shiga cikinsu ba.

Haɗawa: tanon roba mai lita 200, tsakuwa santimita 10 a ƙasa, a shimfiɗa ragar gidan sauro, a zuba ziyolit santimita 60, wajen lita 150 ko kilo 135, a bar santimita 20 a sama. Kafin fara aiki a jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan gishiri, giram 60 a lita, a ɗauraye. Wannan yana fitar da kalsiyom ya sa sodiyom, wanda ya fi sauƙin turewa. Ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, lita 20 zuwa 50 a awa. Kada a bari ya ƙafe, kumfar iska tana buɗe hanya ɗaya ruwa ya riƙa bi ya bar sauran dutsen. Tano biyu a jere, na uku a ajiye. Na farko zai cika cikin kwana uku. Idan abin da ke fita daga cikinsa ya kusa daidai da mai shiga, a cire shi, na biyu ya zama na farko.

Abu biyu ke kashe wannan tsari. Na ɗaya laka: lallai a sa tanon yashi a gaba, in ba haka ba yauƙi ya lulluɓe dutsen cikin kwanaki. Na biyu, barin ruwan tanki a buɗe. Da ya sha iska, karbon dayoksaid ya fice, pH ya haura 8, wani kaso na amoniyom ya koma amoniya marar caji wadda dutsen ba ya gani. A nan ne kuma farin dutsen sitrubit, haɗin magniziyom da amoniyom da fosfat, yake kama gwiwar tiyo har ya toshe shi. Daga tanki zuwa yashi zuwa ziyolit, duk a rufaffen tiyo.

Wanki shi ne inda gizo ke saƙa. Ruwan gishiri giram 50 a lita, aƙalla ninki biyar na girman dutsen, lita 750 da gishiri kilo 37, don wanke tanon da ya tace lita 1,200. Azot ɗin bai tafi ko'ina ba, ya koma ruwan gishiri ne, wanda idan aka zubar a gona zai kashe ƙasa.

Mai Lambu, hanyar Mirya

Allah ya saka da alheri, Injiniya, Malama. Yanzu na fahimci abin da ya faru a tanon. Lissafin tan huɗun nan ya sanyaya mana gwiwa. Kanwa da kantun Bilma ba sa wuya a kasuwar Dole, za su iya maye gurbin gishirin wankin? Sannan da me za mu riƙa aunawa kullum, tunda ɗakin gwaji ba wurin zuwa kowace rana ba ne? Idan kuma akwai hanyar da ba sai an wanke ba, muna saurare.

Baba Malamin Gona

Ɗana, kafin su amsa maka bari in mai da kai kan daɓen, don can matsalar ta faro. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Daɓenku murabba'in mita 200 ne, Damagaram kuma tana samun wajen milimita 400 a shekara. Lita 80,000 ke sauka a kan takinku, ruwa guda mai milimita 40 a watan Agusta lita 8,000 ne. Abin da kuke tarawa, lita 36,000, kusan rabin ruwan saman ne ya ratsa taki ya wanke shi. Takin da aka haɗa daidai ba ya zubar da ruwan kirki da kansa. Ku yi rumfar kwano da indararo, ko ku rufe kowane tari da tamfal idan hadari ya taso ku yaye bayan an ɗauke, ku kuma ɗaga gefen daɓen da bulo jeri ɗaya don ruwan fili ya daina shiga. Ruwan indararon tsabtatacce ne, a garin da ake sayen ruwa a bido ba abin zubarwa ba ne.

Sai haɗin. Azot 1,000 a lita yana nuna kashin kaji ya yi yawa, kara ya yi kaɗan. Ana son karbon ya ninka azot sau 25 zuwa 30. Idan kana juyawa hancinka yana yaji kamar ka shiga akurkin da ba a share ba, azot ne ke tashi. Ƙara kara, ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, ka kuma shimfiɗa busasshen kara taƙi ɗaya a ƙarƙashin kowane tari ya shanye abin da ya sauko. Laima kashi 50 zuwa 60: ka damƙa ka matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu. Idan ya zubo ta gwiwar hannu ya yi yawa.

Wanda ya tsiyayo duk da haka, ni ban ɗauke shi ƙazanta ba. Wata takwas zuwa tara muna rani, tarin taki ƙishirwa ke kashe shi. Tan ɗaya na busasshen haɗi mai laima kashi 20 yana shan kusan lita 800 kafin ya kai kashi 55. Ko lita 36,000 ɗin nan za ta ƙare a jiƙon farko na tan 45. Ku adana shi a rufaffen rami mai shafe, ku jiƙa sababbin tari da shi. Sababbi kawai, tun kafin su yi zafi, domin zafin digiri 55 zuwa sama na mako biyu tare da juyawa shi ke kashe ƙwayoyin cuta. Idan aka zuba wa wanda ya nuna, an mai da masa cutar da ya rabu da ita.

Ban ruwa da shi ma yana yiwuwa bayan ya fito daga tankin Injiniya, amma gishirinsa ake tsoro fiye da azot. A sirka ɗaya da goma sha biyar, a auna da na'urar EC mai gwada yawan gishirin ruwa. Ƙasa da 0.7 babu damuwa, sama da 3 kada a zuba. Albasa da wake ba sa jure gishiri, tumatir ya fi su haƙuri. Sau ɗaya a mako, a gindi, ga masara, dawa da itatuwa, ba a kan salati da ake ci ɗanye ba. Kilo 32 na azot zai ciyar da kusan sulusin hekta.

Ziyolit ɗin da ya cika kuwa, idan kaɗan ne kada ku wanke. Jigawarmu rairayi ce, ba ta riƙe taki, ruwa biyu ya wanke shi. Dutsen da ya sha amoniyom da potasiyom yana sakinsu a hankali a gindin shuka, kuma yana nan a ƙasa shekara da shekaru yana sake kamawa. A nan potasiyom ɗin da Malama ke kuka da shi riba ne. Sai dai wanda za a kai gona kada a yi masa jiƙon gishirin farko.

Malamar Kimiyya

Baba ya faɗi gaskiya, idan rumfa ta sauko da ruwan zuwa lita 50 a rana, kilo 6 na dutse ke cika kullum, tano ɗaya ya yi fiye da mako uku. Wannan lissafi ne da za a iya zama a duba.

Kantu ban yarda da shi ba. Gishirin dabbobi ne, akwai ƙasa da wasu gishirai a haɗe, zai bar laka a dutsen. A sayi farin gishirin buhu. Kanwa tana da amfani ta wani gefe: tana ba da sodiyom, tana kuma kai pH wajen 10, inda amoniyom ke zama amoniya ya saki dutsen da sauri. Illarta ita ce tana haɗuwa da kalsiyom ɗin da dutsen ya saki ta zama alli a tsakanin ƙwayoyin. Idan za a yi, gishiri zalla a zagayen farko, mai kanwa da aka tace a na biyu, sannan a tura ruwa da ƙarfi daga ƙasa har farin ya daina fita. Ruwan gishirin kuma ana sake amfani da shi: a kai pH 11, a hura masa iska a rufaffen tano, iskar ta bi ta cikin ruwan asid na sulfur da aka sirka, a samu takin sulfat na amoniyom mai azot kashi 21. Kowane kilo na azot yana cin asid kilo 3.5. Ba aikin da za a yi babu safar hannu da tabarau da wanda ya san sinadari ba ne, kuma kada a taɓa amfani da ruwan tsohon batir, akwai darma a ciki.

Awo: kayan gwajin amoniya na masu kiwon kifi ba sa wuce miligiram 8 ko makamancin haka. A ɗebi mililita 5 da sirinji a cika zuwa lita ɗaya da ruwa mai tsabta, ninki 200 ke nan, launin baƙin ma ya ɓace. Abin da aka karanta a ninka da 200. A duba kwalin: idan amoniyom yake nunawa ba azot ba, a ninka da 0.78.

Injiniyan Ruwa, Sabon Gari

Na goyi bayan Baba, rumfa ce farko. Amma idan har akwai ruwan da dole a sake shi, akwai hanyar da azot ke ficewa gaba ɗaya, ya koma iskar da ita ce kashi 78 cikin ɗari na abin da muke shaƙa. A nan ziyolit yana aiki shekaru babu gishiri.

Mataki biyu ne. A na farko wasu ƙwayoyi masu son iska suna mai da amoniyom nitrit, sannan nitrat. A gina kwali, wato ginannen akwati, mai zurfin mita ɗaya, buɗaɗɗe, a cika da ƙaramar tsakuwa haɗe da ziyolit kashi ɗaya cikin huɗu, tiyo mai huji a ƙasa da bututun shan iska. Ƙaramin famfon sola ya watsa ruwa a sama minti biyar, a huta awa ɗaya ya tsane, iska ta bi shi ciki. Dutsen yana cafke amoniyom lokacin watsawa, ƙwayoyin da ke jikinsa su cinye lokacin hutu, gurbin ya sake buɗewa. A fara da giram 100 na azot a kowace mita kubik a rana, giram 360 na son wajen mita kubik 4. Kowane giram yana cin oksijin giram 4.6 da abin kashe tsami giram 7.1, don haka idan pH ya sauka ƙasa da 6.5 aikin ya tsaya, a ƙara kanwa. Makonni huɗu zuwa shida kafin su kafu.

Nitrat ziyolit ba ya riƙe shi, kuma shi ya fi komai saurin bin ruwa zuwa rijiya. Tsayawa a matakin farko ya fi rashin farawa muni. Mataki na biyu rufaffen tanki ne na mita kubik 1 zuwa 2 tsakanin babban tankin da kwalin. A nan abu uku ke haɗuwa: ruwan babban tanki, ruwan kwali da aka dawo da shi, da sulusin ɗanyen ruwan taki da aka kewaye da shi bai shiga babban tankin ba. Ɗanyen shi ne abincin ƙwayoyin da ke shaƙar nitrat, suna son DCO giram 4 zuwa 6 ga kowane giram. Kada a mai da nitrat cikin ɗakunan metan, yana tsayar da su. Idan aka dawo da lita huɗu ga kowace ɗaya da ta fita, ana cire kusan kashi 80. Dawowar tana kuma sirka amoniyar, don 900 a pH 8 da zafin bazara ya fi ƙarfin ƙwayoyin kwalin, aikin ya maƙale a nitrit, wanda guba ne ga kifi da dabbobi. Saura wajen miligiram 180 na azot a lita a matsayin nitrat, bai isa sakin tabki ba, na gindin itatuwa ne.

Ramin da kuke tarawa yanzu shi ya fi damuna. Idan ba shafe gare shi ba, amoniyom yana zama nitrat a cikin ƙasa ya sauka, mita 8 ba nisa ba ce, kuma ƙarƙashinmu dutsen giranit ne mai tsage-tsage, ruwa na iya bin tsaga ya tsallake mita 30 ba tacewa. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha miligiram 50 na nitrat ne a lita, nitrit kuma 3. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida aka fi ji wa, yana hana jininsu ɗaukar oksijin, tafasawa kuma ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi take yi. A kwashe ramin a shafe shi tun kafin ruwan farko, a auna rijiyar a watan Mayu, a sake aunawa a Oktoba. Malam, idan sakamakon potasiyom da na gwajin kwalba suka fito, ka kawo su nan mu daidaita girman kwalin.